Mai Shiru Ake Fara Dubawa

Saje ba likita ba ne, amma duk layin Likita suke ce masa, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. Namiji da yabo, ai ƙuda da zuma. Ɗan mai wanki da guga ne, ya shiga soja don kaki, sai aka lura hannunsa ba ya rawa in ya ga jini, aka rataya masa jakar magani. In bam ya tashi mutane suka zube, shi ke binsu da gudu yana zaɓe: wannan yanzu, wannan ya jira, wannan kuma sai Allah. Ya ɗaure cinya, ya toshe rauni, ya buɗe hanyar numfashi, ya wuce na gaba.

Da aka sallame shi, ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, dangi suka yi ta hamdala, don dangi gaɓoɓi kawai suke dubawa. Matarsa mai ɗinki ce, mace mai murya, in ta kira yaro a tsakar gida sai na maƙwabta ya amsa. Ita ta fara gane cewa jikin mijinta aka dawo mata da shi, ragowar yana can.

Ya sami aiki a wani kemis, yana wanke ciwo yana naɗa bandeji. A can ba shi da laifi. A gida kuwa kullum yana kujerar da ke kallon ƙofa, baya a jikin bango. Murfin tukunya ya faɗi, sai ka gan shi a durƙushe. Ran da 'yarsu ta ƙone da ruwan zafi tana tsala ihu, ɗaga ido kawai ya yi ya ce, “Tana numfashi,” sannan ya miƙe a hankali ya ɗauko magani. Ya gyara hannun tsaf, bai ce mata sannu ba.

Mai ɗinki ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin yayarsa. Yayar ta ce, “Yo ba ya duka, ba ya shaye-shaye, me kike nema? Ki gode Allah.” Ta dawo ta ci gaba da ihunta. Shi kuwa ko gezau, kamar da bango take.

Wata safiya ta gaji. Ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa, ta zauna gaban keken ɗinki, ba ta taka ba. Ba ta kira kowa ba, ba ta zagi zare ba. Jira take ya fita kemis ta kama hanyar gidansu.

Saje ya kai zaure, sai ya tsaya. Gidan ya yi tsit. Ya juyo a guje har takalmi ɗaya ya fice, ya zube gabanta, ya kama wuyan hannunta da yatsu biyu, yana leƙa idonta.

“Maman yara! Ina ke ciwo? Yi magana!”

“Ikon Allah. Ashe kana da kunne? Shekara da shekaru ina kwarmato, ko waiwaye. Yau da na rufe baki ka zo da takalmi ɗaya?”

Bai saki hannun ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

“Haka aka koya mana,” in ji shi. “Mai ihu yana da iska a ƙirji, zai iya jira. Wanda ya yi shiru, shi ake fara dubawa. In ka tsaya wa mai ihu, kafin ka juyo na shirun ya tafi.”

Ta dube shi. Tun da ya dawo bai taɓa jera mata magana mai tsawon wannan ba. Wato duk faɗan nan da take yi, a wurinsa shaidar lafiya ce! Ta so ta yi dariya, ta fasa.

“To, Likitan layi, tunda kai ne gwani, faɗa mini. Wa ya fi kowa shiru a gidan nan?”

Ya kawar da kai.

“Ni lafiyata ƙalau. Ina tafiya da ƙafata. Irinmu a ƙarshe ake duba su.”

“Wanzami dai ba ya son jarfa. Sa takalminka.”

Ta juya hannu, ita ta riƙe nasa. Jijiyar tana bugawa kamar keken ɗinki a hannun 'yar koyo.

A asibitin sojoji akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda inda ake ganin waɗanda ciwonsu ba ya zubar da jini. Can ta kai shi. Benci cike da ƙarti, kowa baya a bango, ba mai cewa uffan. Saje ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

“Duk nan babu mai jira,” ya ce mata ƙasa-ƙasa. “Wa zan fara?”

“Ba kowa. Yau ba kai ke zaɓe ba. Zauna.”

Ya zauna a bakin benci kamar mai shirin tashi. Da aka kira shi, ya kai ƙofa ya tsaya, hannu a kan mariƙi, har sai da ta ɗaga murya yadda ta saba: “Shiga mana, Baban yara!” Rabin bencin suka zabura. Shi kuwa ya shiga.

A gida, jakar kayanta tana nan bayan ƙofa. Mai ɗinki ba ta kwance ta ba, ba ta kuma ɗauka ba. Kullum da safe in zai fita sai ya dubi jakar, ya dubi matar, ita kuma ta taka keke da ƙarfi don ya ji.