Wake da Wuƙa

Ƙanwata ta zo duniya Inna ta riga ta manyanta. Fuskar yarinyar a shafe, idanunta ƙanana, harshenta kamar ya yi wa bakin yawa. Ta shekara shida kalmominta ba su cika tafin hannu ba. Maƙwabtanmu a unguwar Barokinya, can ƙetaren teku inda aka kawo iyayenmu bauta, suka ce kurma ce.

Baba bai yarda ba. Ɗan dako ne, tun da ya fanshi kansa daga bauta yake hawo da kaya daga bakin jirgi zuwa saman gari. Ya lura idan 'yan dako suka wuce suna waƙa, tafinta ba ya kuskure kiɗan. Ya ce, "Mai tafa wannan tana ji."

Sai ya ƙirƙiro mata wasa. Bayan la'asar, muna surfa waken ƙosan da Inna ke sayarwa, ya zaunar da ita a cinyarsa. "Auta, wa-ke." Tafi biyu. "Al-ba-sa." Tafi uku. Wannan ta kama shi cikin mako guda, har tana tafa Yarbancin maƙwabta.

Farkon kalma ne ya ba mu wuya. Baba ya ja baki ya ce, "Wwwake. Kawo mini abin da ya fara kamar wake." Ta ruga ta kinkimo turmi. Washegari ta kawo manja. Ita a wurinta abokin wake shi ne wanda suke shiga aikin ƙosai tare. Na gaji, na ce a ƙyale ta. Baba ya ce in yi haƙuri, ya sake jan baki.

Damina ta wuce a haka. Wata rana ta tsaya tana motsa leɓe, ta shiga madafa, ta fito da wuƙa tsirara tana murmushi.

Inna ta yi salati. "Ajiye, ajiye!"

"Wwwuƙa," in ji Auta. "Wwwake."

Baba ya karɓe wuƙar a hankali, hawaye na bin gemunsa.

Ba ta taɓa iya karatun allo ba, kuma kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya har ta rasu ba ta rarrabe su. Amma bakinta ya buɗe, ita ta koma yi wa Inna kiran ciniki. Bayan iyayenmu sun rasu na ɗauke ta gidana. 'Ya'yana yaren Fotugis suke yi, don haka Hausar da ta rage mini da ita nake yi, muna wanke-wanke tana gyara mini.