Majo Sanda da Ƙofar Sosete

Wa ya taɓa ganin Kawu Majo Sanda a zaune? In akwai, ya fito in gan shi! A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraron majinyaci, ƙafa ɗaya na neman hanya. Ni Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa, na daɗe ina aikin ungozoma a ƙaramin gidan likita na gwamnati da yake shugabanta a matsayin majo, wato babban ma'aikacin jinya, nan Arlit, kuma ba abin da na samu wajen binsa da ido sai ciwon wuya.

Damuwarsa ɗaya ce, ƙofar babban gidan likita na sosete, kamfanin masu haƙar uranium. Can akwai ɗakin fiɗa, akwai jini, wuta ba ta ɗaukewa, amma don ma'aikatansu da iyalansu aka gina shi. Namu majinyatan, in abu ya fi ƙarfinmu, sai roƙo da jira.

Da kujera ya fara. Ya ɗauki ta bironsa, wato ofishinsa, tunda ba ta da amfani gare shi, ya ɗaure a bayan moto, babur ɗinsa, ya kai wa dattijon da ke gadin ƙofar, wai aro. Daga nan kullum sai ya je duba lafiyar kujerarsa. Kan a ankara, har madafarsu yake shiga.

Sai aron ƙanƙara, don firigon da muke ajiye allurar rigakafi kullum cikin suma yake. In zai mayar musu da mazubinsu kuwa, yau dabino a ciki, gobe cuku daga Dannet. Babban lokotoronsu, wato likitansu, ya roƙe shi ya daina. Kawu ya ce, da harshensa na Tawa, "Lokotoro, mu a Adar kwano ba shi komawa gida wohi."

Washegari ya kai musu tuwo a kwanonmu, ya baro shi can. Bawan Allah ya faɗa tarko: kwano ya dawo cike da safar hannu da bandeji. Ranar da suka fara karɓar mana mai naƙuda suka yi mata fiɗa, akuya ya kai musu da ranta. Ta cinye furannin gaban biro kaf, shi kuwa ya ce alama ce ta saki jiki da su.

To, ba kullum ake kwana a gado ba. Aka kawo wa sosete sabon darakta, ya ce a koma tsohuwar doka. Kawu bai yi faɗa ba. Ya je ya tsaya gaban tagar mutumin, cikin ranar nan tamu mai dafa ƙwai. Aka fito masa da abin zama, ya ƙi. Darakta ya ɗauka tsananin fushi ne, bai san haka Allah ya yi shi ba. Da abin ya yi kwanaki, ya ce a buɗe kafin tsohon nan ya faɗi a ce shi ne.

Daga baya manya suka zo taron sa hannu kan yarjejeniyar haɗin kai tsakaninmu da sosete, da jawabai da lemu. Ana tsakiyar tafi aka nemi Kawu aka rasa. Ashe ya ja direban ambilans ɗin sosete sun nufi daji ɗauko wani makiyayi da raƙumi ya kayar. Da ya dawo ya ce tunda an ce an zama ɗaya, gara a gwada tun tawada ba ta bushe ba.

Bayan rasuwarsa, wata rana da hantsi aka kawo mini mace mai naƙuda jini na zuba. Na sa ta a mota muka nufi sosete. Tsohon mai gadi ya bar aiki, lokotorori duk sababbi, Kawu ba ya nan. Wa zai buɗe mini? Wallahi ko tsayawa ba mu yi a ƙofar ba.

Da aka gama, uwa da jariri lafiya, na ce wa yarinyar da ta yi fiɗar Allah ya jiƙan Majo Sanda. Ta tambaye ni wane ne shi. Na ce wanda ya buɗe mana ƙofar nan.

Ta dube ni da mamaki. "Ai, Inna, ƙofar nan tun da can a buɗe take."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki in wanke ta tas, sai kuka ya riga ni. Abin da Kawu ya nema ke nan, ya kuma samu. Ya Allah, Kai Ka san wanda ya yi. Ka jiƙan Kawu, Ka buɗe masa taka ƙofar ba tare da jira ba.