Rahoton da Sista Ta Kai Sama

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana aikin jinya a ɗakin kwantar da maza, har sunanta na yanka ya ɓace. 'Ya'yan cikinta ma in suna jin tsokana Sista suke ce mata. Gajeriya ce mai saurin tafiya, da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira wa, ta zo tana mita ta samo ta a sukar farko. Ba ta da wasa, amma duk wanda ya kwanta a hannunta ya san ya dace.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da maigidanta, sai ta mai da ɗakinsa asibiti. Ƙusa a bango ta rataya ledar ƙarin ruwa, littafi a gefen gado ta rubuta abin da ya ci da abin da ya sha. Wata biyar ya yi, ya cika. Ko ɗigon hawaye Sista ba ta zubar ba. Masu gaisuwa suka yi ta yaba juriyarta, ita kuwa tana ta faman nema musu wurin zama.

Sai da ta koma aiki hannu ya fara rawa. Ranar nan ta soki wani dattijo sau uku ba ta sami jijiya ba. Washegari aka tarar da ita tsaye a ɗakin magani da makulli a hannu, ba ta san abin da ta zo ɗauka ba. Ta auna jininta, ta auna suga, komai lafiya lau. Abin ya ɗaure mata kai, ya kuma ba ta tsoro.

Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis. "Sista, ki hau sama ki ga mai ba da shawarar nan. Sai ta sa hannu a takarda za ki dawo ɗaki."

"Ni? Taɓuwa na yi?"

"Haba Sista. Magana kawai ake yi da ita."

Magana? Sista ta kwana biyu tana juya zancen. Ita dai in an raba ta da ɗakin nan ba ta san inda za ta sa kanta ba, don haka takardar nan dole ta samo ta.

Ɗakin na sama ya ƙara ruɗa ta. Ba gado, ba sikeli, ba ko warin magani. Kujeru biyu ne da ƙaramin teburi da kwalin tishu. Matar da ke ciki kuwa sa'ar 'yarta ta biyu ce, ko farar riga ba ta saka ba.

"Sannu da zuwa, Mama. Zauna inda ya yi miki."

Sista ba ta zauna ba. A aikinsu ba a miƙa rahoto a zaune. Ta buɗe littafi ta gyara murya: "Mace ce, shekara hamsin da shida. Barci awa huɗu. Abinci rabin kwano. Rawar hannu, ya fi tsanani da safe. Ba zazzaɓi."

"Wace ce wannan, Mama?"

"Mara lafiyar mana."

"Ke ke nan?"

"To da wa?"

"Ke ya kike ji?"

Sista ta duba littafin sama da ƙasa. Babu layin wannan. Ta ce a ranta, ikon Allah, an kawo mata komai a rubuce tana tambayar abin da ba a aunawa.

Zuwa uku ta yi a haka. Kullum da sabon rahoto, kullum ta fito ba allura ba ƙwaya ba takarda. Wani lokaci matar sai ta yi shiru kawai tana kallonta, Sista ta rasa ko an gama ne ko ba a fara ba. Ta gaya wa ƙanwarta a waya, "Ni dai ban gane kan aikin yarinyar nan ba. Ko hannuna ba ta taɓa riƙewa ba."

A zuwa na huɗu ƙafa ta matsa mata, ta zauna. Matar ta ce ta ba ta labarin ranar da maigidan ya rasu.

"Sha ɗaya saura kwata na safe. Na duba bugun jini, babu. Na rubuta lokaci, na cire masa ruwa, na rufe shi, na canza zanin gado, na kira ƙannensa."

"In mutum ya cika a ɗakinku, Mama, ya kuke yi da matarsa?"

Nan fa aka zo inda ta iya. "A kama ta a fitar da ita waje, a zaunar da ita. Ba a barinta ta ga sauran aikin. A bar ta ta yi kukanta, haƙƙinta ne."

"Ke wa ya fitar da ke?"

"Ni ai ina bakin aiki."

"To matarsa fa, tana ina?"

Sista ta dubi ɗakin nan nasu na gida a zuciyarta: ga gado, ga shi kwance, ga ta tana naɗe robar ƙarin ruwa. Ta nemi matarsa ta rasa. Ta miƙe ta fita ba sallama, ko zancen takardar ba ta yi ba.

A ƙasan bene, a bakin ɗakin maza, akwai dogon benci na 'yan uwan marasa lafiya. Sau dubu nawa ta wuce shi ba ta taɓa zama ba. Yau ta zauna a ƙarshensa, kusa da wata tsohuwa mai riƙe da kwanon abinci.

Tsohuwar ta matsa mata. "Sannu, baiwar Allah. Naki wane ne a ciki?"

"Mijina ne. Ya rasu."

"Wayyo, Allah ya jiƙansa! Yaushe?"

Sista ta san rana, ta san awa, ta san minti. Ta ja numfashi za ta faɗa, sai muryar ta karye. Tsohuwar ta ajiye kwanon ta riƙo ta.