Muryata Ta Dawo, Ta Lina Ba Ta Dawo Ba

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da ɗalibai, kun daɗe ba ku ji ni ba, a nan ko a zauren karatunmu na Whalley Range. Ga dalili.

Da dishewar murya abin ya fara. Na ɗora wa sanyin Manchester laifi, na sha zuma da citta, na ci gaba da limanci, har ranar da Fatiha ta maƙale mini a sallar Magariba, wani ya matso ya ƙarasa.

'Yata Hafsa, likita a Birmingham, ta ce, "Baba, gobe sai GP, likitan unguwarku. Wannan karon ba roƙo nake yi ba."

Aka zura mini kyamara ta hanci, aka ga tsiro a maƙogwaro, aka cire, aka kai gwaji. Na ji tsoro, tsoron in ƙare rayuwa babu tilawa. Sakamako ya nuna ba cutar kansa ba ce. Alhamdu lillahi.

Wadda aka haɗa ni da ita don dawo da muryar Bafalasɗiniya ce. Ta ba ni kofin ruwa da bututun shan lemo, ta ce in riƙa busawa. Na ce wasan yara bai dace da furfurata ba.

Sai ta ba ni labarin Lina, 'yar ƙaninta a Gaza. Tun da aka zaro yarinyar daga ɓaraguzan gidansu ba ta sake furta kalma ba. Duk sanda waya ta shiga, wannan wasan take yi mata, ko za ta saki sauti.

"Ammu," in ji ta, wato baffa da Larabcinsu, "naka maƙogwaron na san maganinsa. Nata lafiyarsa ƙalau."

Na karɓi kofin, na busa.

Tun ranar fushi bai bar ni ba. Yarinyar da ba ta gama haddace Ƙulhuwallahu ba, an kashe mata harshe da bam. Masu mulki kuwa, har da namu Musulmi, maƙogwaronsu garau, sun zaɓi shiru. Wallahi za a tambayi kowane harshe ranar hisabi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da matata Hajiya da ta jure bebantakata. Wanda dishewarsa ta ɗauki makonni, ya je asibiti, kada ya tsaya ga zuma.

Juma'ar nan na hau mumbari. Bayan hamdala da salati, sunan Lina na fara faɗa. Har yau ba ta yi magana ba.