Mutumin da Ya Ba Sola Hutun Azahar

A Darini, in ana zancen tausayin dabba, sunan Malam Nu'uman ake fara kira. Ƙuruciyarsa duka a bayan garma ta ƙare, shi da bijimai biyu, fari da ja. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma gado ya yi: da sanyin safiya ake huɗa, in rana ta take a kwance shanu, a kai su gindin marke su yi tuƙa. Ko mai gona zai yi birgima, Nu'uman ba ya ƙara kunya ɗaya. "Wanda ba shi da bakin cewa ya gaji," in ji shi, "kai za ka faɗa a madadinsa."

Shekarar da ɓarayi suka shigo suka kore shanun gari, har da nasa aka tafi. Ya zama mai tashi da asuba ya rasa wanda zai ce wa sannu. Shi ya sa da aka haƙa wa unguwarsu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki can sama bisa ƙafafun ƙarfe, farantan sola jere a cikin katanga suna kallon sama kamar masu addu'a, kuma mai unguwa ya damƙa masa makullin wurin, sai da Nu'uman ya juya baya ya goge ido. Ya rataya makullin a wuya da igiyar fata. Ya sake samun abin kiwo.

Kullum da safe yakan goge farantan da tsumma, yana yi musu 'yar waƙar da yake yi wa bijimai. Wata rana cikin bazara, rana tsaka, ya ɗora tafin hannu a kan ɗaya, ya fizge ba shiri.

"Subhanallahi! Wannan ai zazzaɓi ne."

Ya san rana suke ci, an gaya masa. To amma shanu ma ciyawa suke ci, wa ya ce su wuni suna ja? Ya koma gida ya kinkimo zana sabuwa ya lulluɓe su. Daga ranar, in rana ta take sai ya rufe, bayan la'asar ya buɗe. Bai faɗa wa kowa ba, don alheri ba ya son shela.

Ruwa ya fara noƙewa. Famfo ya yi tari, ya tofar da ɗan abin da ya samu, ya yi shiru. Jarkoki suka yi layi har bakin masallaci. Wasu suka ce rijiya ta ƙafe, wasu suka ce mutanen ɓoye ne ba a nemi izininsu ba. Yusha'u kuwa, taubashinsa, a bainar jama'a ya ce, "Ku bar ɗora wa aljanu laifi. Wannan tun muna yara duk tulun da ya taɓa sai ya tsage."

"Ka yi shiru, mai kai kamar masaki," in ji Nu'uman.

Aka yi dariya, amma mai unguwa bai yi ba. Ya ce in Juma'a ta zo ruwa bai dawo ba, makulli zai koma wuyan Yusha'u. Nu'uman ya dafe ƙirjinsa, ya ƙudura a ransa zai ƙara wa marasa lafiyar hutu. Ya soma rufe su tun da walaha.

Ana nan sai ga Zuwairatu, 'yar ƙanwarsa da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Batsari, ta zo gaida mahaifiyarta. Bayan an gama gaisuwa har kan kaji da awaki, ya ja ta gefe.

"Zuwaira, ke da kika yi boko, zo ki duba min su. Ina iya ƙoƙarina, amma jikin ya ƙi."

Ya buɗe ƙofa. Ta dubi zana, ta dube shi, ta sa bakin mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

"Kawu, wa ya yi musu wannan gata?"

"Ni. Taɓa ki ji, ko yanzu da ɗumi."

Ta zauna a kan dutse ta tattaro numfashinta. "Kawu, hasken ranar nan shi suke juyawa ya zama lantarki. Lantarki ya juya injin da ke ƙasa, inji ya ɗaga ruwa har saman tanki. Ruwan da ke can sama aikin rana ne aka adana, kamar gero a rumbu, shi ya sa yake gangaro muku da kansa. Zafin da ka ji kuwa, hasken da bai zama lantarki ba ne. Ba ciwo ba ne."

"To, da safe da yamma ba sa aiki?"

"Suna yi, a hankali, kamar tsoho da guga. Tsakar rana ce suke ɗaga ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Lokacin nan da kake kwantar da su, shi ne sanyin safiyarsu."

Nu'uman ya ce, "Wato yunwa nake kashe su da ita."

Ya yaye zanar da hannu biyu. Can ƙarƙashin ƙasa wani abu ya yi gurnani, sai bututu ya fara waƙa. Kafin la'asar ta Juma'a tanki ya cika yana ambaliya, mata suna guɗa, mai unguwa ya dubi wuyan Nu'uman ya ce makulli ya zauna inda yake.

Zanar ta zama rumfar masu layin ruwa, can nesa inda inuwarta ba ta kai wa farantan. Shi kuma har yau, in rana ta take, za ka same shi zaune kusa da su da malafa a ka, gumi na zuba, don bai ga ta yadda mai kiwo zai sha inuwa abin kiwonsa na rana ba. Kowa yana iya leƙowa ya gaishe shi, ban da Yusha'u, don Nu'uman ya ce inuwar ƙaton kan nan nasa kaɗai ta isa ta tare wa unguwa ruwan wuni guda.