Mutumin da ke zuwa bakin ruwa da fartanya

Salamu alaikum, 'yan uwa. Inna Rabi ce, ɗiyata Hadiza malamar sakandare ke rubuta min. Yau na ga maigidana, Allah ya jiƙansa, a cikin littafin makaranta!

Ɗalibanta mata uku suka zo gida bayan la'asar, suna karatun wani wasan kwaikwayo saboda jarrabawa. Ina tankaɗe ina saurare. Wai wani mutum ne ruwa ya cinye gonarsa, amma kullum sai ya saɓa fartanya, ya je bakin ruwan, ya tsaya, ya dawo. Yaran sai dariya!

Na ce, "Hadiza, wa ya ba mai littafin labarin babanki?"

Ta ce, "Inna, ƙirƙira ce. Mai littafin bai taɓa zuwa garinmu Maradun ba."

Na faɗa musu haka maigidana ya riƙa yi tun da dam ɗin Bakolori ya shanye gonarmu, har ya rasu. Hadiza tana goye lokacin, ba ta sani ba. Hawaye na ta zubo min, amma ban ji komai a raina ba.

Ɗaya daga cikin yaran ta ce, "Kaka, to ba ki hana shi ba?"

Na ce, "Ni ke dama masa furar da yake tafiya da ita."