Ranar da Inna ta ƙi ruwan hannuna

Na yi noman gyaɗa, na yi acaba, amma ban taɓa shan wahala irin ta wasan fim ɗin nan ba.

Masu fim ne suka zo daga Kano suna ɗauka a duwatsun Kazaure. Labarin wata mata ne da 'yarta da ɓarayin daji suka tsare, har Allah ya kuɓutar da su. Ni kaya kawai na kai musu a babur. Daraktan ya ƙare wa fuskata kallo ya ce, "Baba, kai ne mai gadinsu." Ban san yabo ne ko zagi ba, na dai karɓa.

Aikin ba yawa. Yarinyar za ta ce, "Baba, ruwa," ni kuma in yi fatali da kwanon. To mu a gidanmu ko kare ba a hana shi ruwa. Tana faɗa sai in miƙa mata. Darakta ya yi ta ihu, "Malam, ɓarawo kake, ba kakanta ba!" Wadda ta fito a uwar tana ɗaure da igiya tana ƙyaƙyata dariya, ta ce, "Shure mana, mu samu mu ci abinci." Da rana ta ishe ni, na runtse ido na shure.

Bayan girbi fim ya shigo wayoyin garinmu Roni, yara suka kunna wa Inna, mahaifiyata. Da magariba na kai mata ruwa kamar kullum, ta kau da kai.

"Inna, wasa ne fa."

"Ƙafar wa na gani?"

"Tawa ce, amma..."

"Ɗauke kwanonka. Ban haifi mai hana marainiya ruwa ba."

"Ba marainiya ba ce, ubanta na sayar da taya a Kano."

"Au, har ubanta ka sani ka yi mata haka?"

Matata na bakin murhu tana dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin da ke wuni a kan babur ba ya fita da fushin uwa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ta ce ba ita na yi wa ba.

Da gari ya waye ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Na sha mai na nufi Kazaure neman mai lambar daraktan, a haɗa ni da yarinyar in roƙe ta gafara a kunnen Inna.